Kwamfuta Mai Cikakken Ƴanci a Yamai: Ina Ake Biyan Farashin?

A Yamai ba wanda zai bar Windows saboda tsada. Duk wanda ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka a Babbar Kasuwa, ko wurin masu kawo na hannu ta Lome, da Windows a ciki ake miƙa masa ita, da Office, har da Photoshop in ya nuna sha'awa, kuma ba mai tayar da zancen lasisi. In ta rikice ya kai wa mai gyara, a share a sake zubawa, ya biya ladan aiki ya kama gabansa. Don haka hujjar nan da ake yawan kawowa, wai Linux, tsarin da ake iya sawa a madadin Windows, ba a sayensa, a garinmu ba ta da kasuwa. Abin da ya rage shi ne ainihin zancen: na'urar da ka saya da guminka, umarninka take bi ko na kamfanin da ya rubuta abin da ke cikinta?

Wannan tambaya ce ta sa Richard Stallman ya shelanta aikin GNU, wato yunƙurin gina tsarin kwamfuta mai ƴanci, a 1983, ya kuma kafa gidauniyar manhaja mai ƴanci, FSF, a 1985 a Amurka. Sharuɗɗansa na manhaja mai ƴanci huɗu ne. Ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama. Ka iya buɗe rubutunta na tushe ka karanta ka gyara. Ka ba wani kwafinta. Ka kuma raba wadda ka gyara. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya rubuta Linux, wato ƙwayar da ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura, aka haɗa ta da kayan GNU aka samu cikakken tsari. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Ubuntu da Linux Mint da Fedora, tsarukan da aka gina a kan Linux waɗanda ɗalibanmu na Jami'ar Abdou Moumouni suka fi ji, FSF ba ta amince da ko ɗaya cikinsu ba. Waɗanda ta sa wa hannu ƴan kaɗan ne: Trisquel da aka faro a yankin Galisiya na Sifaniya, Parabola, PureOS, Guix System, da wasu ƙalilan. Bambancin ba a fuskar allo yake ba. Trisquel ma daga Ubuntu aka tsamo shi. A ƙasa can bambancin yake, wurin wani abu da ya kamata a tsaya a kansa.

Sassan kwamfuta da yawa, irin su katin Wi-Fi, katin hoto, Bluetooth, kowannensu ƴar ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, tana da manhajarta da take aiki da ita. A da, ana ƙera wannan manhajar cikin ƙarfen ne tun daga masana'anta. Daga baya kamfanoni suka ga ya fi musu sauƙi su bar ta a matsayin fayil, duk lokacin da aka kunna na'ura tsarin ya ɗauko ya ɗura wa katin. Yawancin waɗannan fayiloli a rufe suke, ba mai iya karanta su sai kamfanin. Ubuntu da Mint suna zuwa da su, shi ya sa komai ke aiki daga kunnawa. Su kuwa tsarukan FSF suna amfani da Linux-libre, wani reshen Linux da FSF ta Latin Amurka ke kula da shi tun 2008, wanda aka tsince waɗannan fayilolin daga cikinsa, aka kuma toshe hanyar da ƙwayar ke bi ta neme su.

Ga yadda abin ke kasancewa a aikace. Ka zuba Trisquel a kan HP EliteBook ko Dell Latitude irin waɗanda suka cika shagunanmu. Allo ya tashi tsaf, linzami na aiki, sauti na fita, kamara ma sau da yawa ba matsala. Ka kai hannu kusurwar allo inda alamar Wi-Fi ya kamata ta kasance, ba komai. Ba wai tana nema ta rasa ba. Babu ta ma gaba ɗaya, kamar an zare katin. Katin na nan lafiyarsa lau. Na Intel ne, kuma katunan Wi-Fi na Intel ba sa motsi sai an ɗura musu fayil ɗin nan da aka hana. Haka mafi yawan na Broadcom, haka da yawa na Realtek. Wannan ne bango na farko, kuma a nan akasarin mutane ke juyawa.

Mu a nan abin yana da ɗan sauƙi ta wata fuska, don yawancinmu daga wayar salula muke jan intanet. In ka haɗa wayar Android da kwamfuta da igiyar caji, ka kunna raba intanet ta USB, Trisquel zai gane ta nan take ba tare da wani fayil rufaffe ba, wayar kuma tana shan caji. Sai dai fa duk mai gaskiya zai yi murmushi a nan: ka tsarkake kwamfutarka, amma ƙofarta ta fita duniya Tecno ce ko Itel, wadda daga samanta har ƙasanta cike take da abin da kake gudu. Akwai Replicant, Android mai cikakken ƴanci, amma a kan wasu tsofaffin wayoyin Samsung kaɗai yake aiki, irin su Galaxy S3, kuma ko a can sashen da ke magana da layin waya a rufe yake.

Hanya ta biyu ita ce a sayi ɗan Wi-Fi na sokawa mai guntun Atheros AR9271, wanda aka saki manhajarsa a fili a 2013. Nan ma akwai tarko. TP-Link TL-WN722N ya yi suna a wannan harka, amma fitowar farko ce kawai ke da Atheros. Ta biyu da ta uku, suna ɗaya, kwali kusan ɗaya, Realtek ne a ciki. Mai shago ba zai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne. Sai ka juya kwalin ka duba ƙaramin rubutun da ke nuna fitowa ta nawa ce. In ka dace ma, tsohon ma'auni ne, gudunsa bai wuce megabit 150 ba a takarda. Ga intanet ɗinmu wannan ya isa har da saura.

Katin hoto shi ne na gaba. Na Intel na tsofaffin na'urori ba ruwansa da wannan rigima. Na AMD kuwa in babu fayil ɗin kamfani allon zai nuna, amma ba ƙarfi, bidiyo na ja da ƙyar. Na Nvidia daga jerin GTX 900 zuwa sama sai da fayil mai sa hannun kamfanin. Akwai kuma wani abin da ya fi shafarmu: sababbin na'urorin Intel, tun daga zubi na shida, suna buƙatar wani ƙaramin fayil don sashen hoto ya iya shiga barci mai zurfi ya rage cin wuta. In babu shi batir ya fi saurin ƙarewa, na'ura ta fi ɗumi. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, wuta tana zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Rabin awa na batir shi ne tsakanin gama aiki da zaman jiran a kawo wuta.

Yanzu ga inda ni kaina nake ganin layin da FSF ta ja bai miƙe sosai ba. A ƙa'idarta, in manhajar rufaffiya tana ƙere cikin ƙarfe, ba a sauya ta, to ana ɗaukarta wani ɓangare na ƙarfen, ba komai. In kuwa ita ɗin ce dai aka ajiye a fayil ana ɗurawa, ta haramta. Hujjarsu ita ce abin da kamfani zai iya sauyawa kai ba za ka iya ba, iko ne a hannunsa a kanka. Akwai gaskiya a ciki. Amma duba sakamakon. Furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar kanta, tana zuwa da nata rufaffen umarni a ciki tun daga masana'anta. A Janairun 2018 aka bankaɗo ɓarakar tsaro a cikin furosesa, masu suna Spectre da Meltdown, kuma wani ɓangare na maganin Spectre ya zo ne ta sabunta wannan umarnin. Ubuntu da Debian, wani tsarin Linux, suna ɗura sabuntawar a kowace kunnawa. Linux-libre ba ya yi. Ke nan mai Trisquel bai rabu da rufaffen umarni ba. Yana tafe ne da tsohon, mai ɓarakar, sai in BIOS ɗin na'urarsa, wato manhajar da ke fara tayar da ita kafin tsarin ya hau, ya riga ya kawo gyaran. Ga mai buga wasiƙa a gida wannan hatsari ne na nesa. Ga mai riƙe da bayanan jama'a, abin lissafi ne.

BIOS ɗin ma ai rufaffe ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai wani sashe da Intel ke sakawa mai suna Management Engine, wanda ke aiki a gefe ba tare da tsarin ya san abin da yake yi ba. Masu son su kai ƙarshen hanya sukan maye gurbin BIOS da Libreboot, aikin da Leah Rowe ta faro a 2013, ko da GNU Boot. Na'urorin da ake iya cire wannan sashe na Intel ɗungurum daga cikinsu tsofaffi ne, irin ThinkPad X200 da T400 na 2008, kuma aikin yakan kai ga kwance na'urar a maƙala wa guntun BIOS ɗin matsi a sake rubuta shi. Masu gyaran waya na Yamai da suka saba da irin wannan ɗinkin ba zai gagare su ba in an nuna musu. Tambayar ita ce ko kana shirye ka yi aikinka na yau da na'urar 2008.

Abin mamakin shi ne tsufan kayanmu a nan riba ce. Mutumin Turai mai sabuwar na'ura shi ya fi shan wuya da Trisquel. Mu da ke karɓar abin da ofisoshinsu suka sallama, ThinkPad da Latitude masu shekara goma, kusan komai nasu yana aiki ban da Wi-Fi, wanda a wasu ma ana iya zare katin a sa na Atheros. Kuma waɗannan na'urori Microsoft ta riga ta yi musu sallama. Windows 7 ya daina samun gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 yana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesan Intel zubi na takwas zuwa sama. Ana tilasta shi ya hau tsohuwar na'ura, masu gyara sun san dabarar, amma tafiyar hawainiya ce. Trisquel 11, da ya fito a Maris na 2023, yana tafiya sumul a kan irin wannan na'ura, akwai ma Trisquel Mini na waɗanda suka fi gajiya.

Duk wannan zancen ƙarfe ne, kuma ƙarfe ana iya zaɓensa. Abin da ba ka iya zaɓa shi ne mutanen da kake hulɗa da su.

Ɗauki ɗaliba mai rubuta kundin kammala karatu. LibreOffice, madadin Office mai ƴanci, wanda ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, zai yi mata komai: babi-babi, jadawalin abin da ke ciki, manuniyar ƙasan shafi. Ta ajiye a docx ta tura wa malami. Malam ya buɗe a Word, ya ga tebur ya tsallaka shafi, taken babi ya koma gindin shafin baya, ya mayar mata da jan rubutu cewa ba ta iya tsara aiki ba. Rabin wannan matsala daga haruffa take. Calibri da Cambria da Times New Roman mallakar kamfanoni ne, ba sa cikin tsari mai ƴanci. Akwai madadinsu da aka auna faɗinsu daidai da nasu: Carlito a gurbin Calibri, Caladea a gurbin Cambria, Liberation a gurbin Arial da Times New Roman. In an saka su shafuka kan zauna daram. Sauran rabin kuwa, akwatunan rubutu da zanen da aka yi cikin Word da ƙananan umarnin Excel, sai haƙuri. Abin da za a buga kawai, a mayar da shi PDF an huta. Abin da za a yi ta kai da komo ana gyarawa tsakanin mutum biyu, nan ne ciwon.

Shagon buga takardu shi ma da nasa. Injuna biyu da aka daɗe ana gani a irin waɗannan wurare, HP LaserJet 1020 da Canon LBP2900, duk ba sa ga maciji da cikakken ƴanci. Na farkon sai an ɗura masa rufaffen fayil a kowace kunnawa, na biyun direbansa na kamfani, wato manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, a rufe yake, wanda masu sa kai suka rubuta kuma bai cika ba. Sababbin injuna masu bugawa ta hanyar sadarwa ba tare da direba ba sun fi sauƙi. Mai zanen katin aure da allunan talla kuwa, CorelDRAW da Photoshop ne sana'arsa. Madadinsu masu ƴanci, Inkscape da GIMP da Scribus, suna da ƙarfi, ba wasa ba, amma fayil ɗin Corel da abokin ciniki ya kawo ba kullum yake buɗewa daidai ba, kuma hannun da ya shekara goma a wuri ɗaya ba a mako guda yake sabawa da wani ba. Akanta mai aiki da manhajar Sage bisa tsarin lissafin kuɗi na SYSCOHADA ma kada ya soma. Manhajarsa ta Windows ce, mai binciken asusunsa kuma ita ya sani. A ɗaya gefen, mai taswira da QGIS, mai ƙididdiga da R, mai tattara bayanan ƙauyuka da KoboToolbox, ma'aikacin lafiya mai shigar da alƙaluma a DHIS2 na Jami'ar Oslo, duk tuni suna cikin manhaja mai ƴanci ko ba su sani ba. Su sauya tsari ba zai taɓa musu aiki ba.

Sai WhatsApp. A Nijar ba a kasuwanci, ba a taron dangi, ba a sanarwar rasuwa sai da shi. Ba shi cikin rumbun manhajojin Trisquel, ba zai taɓa shiga ba. Za ka iya buɗe shi ta burauza, haka Zoom, haka Gmail, kuma suna aiki. Amma abin da burauzar ke saukowa da shi ta gudanar a na'urarka manhaja ce rufaffiya, shi ya sa GNU ta yi LibreJS don toshe irinta. Kunna shi ka ga rabin intanet ya mutu a gabanka. Kusan kowa kashe shi yake yi. Netflix da makamantansa, masu kulle bidiyo da Widevine, su kam ba hanya.

To me ake samu bayan duk wannan? Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma zomon na nan. Duk wanda ya taɓa soka kle, wato filashin USB, a kwamfutar shagon intanet ya san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye manyan fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a gurbinsu. Soka wannan kle ɗin a Trisquel: ga fayilolinka nan a fili, ga ɗan fayil ɗin cutar a gefe yana zaune ba abin da zai iya, ka danna ka share. Ba manhajar fasa lasisi da ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, wanda shi ne babban hatsarin Windows ɗin kasuwa. Ba sabuntawar dole da za ta shanye maka data cikin dare. Kai ke cewa yaushe. Ba talla, ba tilas ka buɗe asusu da wani kamfani kafin ka shiga na'urarka. Ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kuwa, akwai tsarin madannai na Hausa da ke zuwa a ciki, amma a kan jerin QWERTY na Najeriya da Gana aka gina shi, mu kuma AZERTY muka gada. Fayil ne na rubutu kawai. Mai ɗan sani zai buɗe ya ɗora haruffan a kan AZERTY, ya raba wa duk makarantun garin, ba wanda zai nemi izininsa. Sai dai a faɗi gaskiya: kusan duk wannan ribar Debian da Mint ma suna bayarwa. Abin da cikakken ƴanci ya ƙara a kai shi ne tabbaci, cewa duk abin da ka ɗauko daga rumbunsa an tantance shi, ba za a zura maka rufaffen abu ba da saninka ba.

Mai gyara shi ne ƙarshen lissafi. Kamar ka sayi babur ne mai kyau wanda ba bakaniken da ya taɓa kwance irinsa a garin. Ka kai na'urar shago don allon madannai ya lalace, yaron shago ya kunna ya ga baƙuwar fuska, ya ɗago ya ce, "Alhaji, wannan ai sistam ɗinta ne ya tafi, bari in zuba maka Windows." In ba ka tsaya a kansa ba, kafin ka dawo daga sallar la'asar ya share komai da kyakkyawar niyya. Taimako kuma yawancinsa a rubuce yake da Turanci, kaɗan da Faransanci, da Hausa kusan babu.

Ko Debian, wanda tun 1993 masu sa kai ke gina shi kuma ba a yi masa gorin riƙon aƙida, ya auna wannan nauyi. A 2011 ya fitar da rufaffun fayiloli daga ƙwayarsa. Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a 2022, mambobinsa suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a sa su cikin faifan zubawa, don sababbin shiga sun yi ta faɗuwa a kan bangon Wi-Fi. Debian 12 na Yunin 2023 ya zo da su, a keɓe cikin sashensu, kuma yana rubuta maka waɗanda ya ɗura. A ganina wannan ne matsayin da ya fi dacewa da yawancin mutanen Yamai: duk manhajojin aikinka masu ƴanci, ƙarfe kuma a ba shi abin da ba zai motsa ba sai da shi, kana sane.

Cikakken tsarin yana da wuraren da ya fi kowa dacewa. Ɗakin kwamfuta na makaranta mai na'urorin tebur da igiyar intanet ba ruwansa da Wi-Fi ko batir, kuma yaro zai iya buɗe cikin duk abin da yake koyo da shi. Haka na'urar ajiyar bayanai ta ƙungiya, haka ɗan jarida ko lauya mai na'ura ta biyu da ya keɓe wa aiki mai sirri. Hukumomi ma, yanzu da zancen diyauci ke bakin kowa, nan ya kamata su duba, don su ke sayen na'urori da yawa a lokaci guda, suna iya gindaya sharaɗin irin katin da za a kawo musu tun a takardar kwangila.

Mai son gwadawa kuma ba sai ya share komai ba. A zuba Trisquel a kle, giga biyu da wani abu ne, gara a sauke shi inda intanet ke da arha. A je da shi shago, a roƙi mai kaya ya bari a tayar da na'urar daga kle ɗin, ba abin da zai taɓa a cikinta. A duba Wi-Fi, a duba sauti da kamara, a kunna bidiyo, a rufe murfin a buɗe a ga ko ta farka. Akwai kuma rumbun h-node a intanet, inda masu amfani ke rubuta na'urorin da suka gwada. In shagon na da ThinkPad biyu farashi ɗaya, ɗaya ta nuna Wi-Fi ɗaya ba ta nuna ba, ɗauki ta farkon, ko da Windows za ka ci gaba da amfani da shi a bana.